Amanar da Aka Bar wa Ruwan Sama

Tun da na dawo daga Doguwa ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallacin unguwarmu, a wurin mai shayi, har a waya, kowa so yake ya ji abin da ya kai ni cikin duwatsu da damina. Idan na fara bayani sai in ga na yi tsawo, mai tambayar ya soma waige-waige. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, iya abin da na gani. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba, don abokaina sun riga sun san halina.

Bayan na gama jami'a na samu aikin wucin gadi a wani ƙaramin shiri na binciken ambaliya. Akwai wani ƙauye a gindin duwatsun Doguwa, ba zan faɗi sunansa ba don ban nemi izinin mutanensa ba. Wani kwazazzabo ne ya sauko daga kan dutse ya bi ta gefen garin, kuma duk mai zuwa kasuwa sai ya ƙetare shi a mashigi guda. Yawancin lokaci ruwan bai wuce idon sawu ba. Amma idan aka tafka ruwa a can sama, tulin ƙasar da masu haƙar kuza na da suka bari yakan jiƙe ya zame, ya haɗu da duwatsu da itatuwa, ya gangaro kamar kunu mai kauri. Mutanen garin suna ce masa ruwan dutse. Muninsa shi ne yana iya zuwa alhali a mashigin rana ake yi. A wata damina ta baya ya tafi da wani magidanci da jakinsa.

An ba ni wasu ƙananan akwatunan roba, kowanne bai fi kwanon tuwo girma ba, da batir a ciki, da farantin sola da 'yar eriya a ka. Ɗaya yana auna ruwan sama. Ɗaya yana da ƙusa da ake kafawa a ƙasa, yana jin girgizar duwatsu idan suna mirginowa. Na can ƙololuwa kuma siririyar waya ake ɗaure masa daga wannan bakin kwazazzabo zuwa wancan, idan laka ta tsinke ta sai ya sanar. Sauran aikinsu miƙa saƙo ne kawai. Babu wayar da ta haɗa su da juna. Kowanne yana gaya wa maƙwabcinsa ta iska, kamar yadda leburori ke miƙa bulo hannu da hannu, har saƙon ya iso wurin babban akwatin da ke cikin gari, wanda muke kira uwa. Ita ce ke kunna jiniya. Abin da ake so shi ne jiniya ta riga laka isa mashigi, ko da tazarar ba ta wuce ta janye ƙafa ba.

Tsoron da na tafi da shi guda ne. Kafin zuwanmu mutane da idonsu suke duba sama kafin su shiga ruwa. Idan muka ce su dogara da jiniya, ta kuma yi shiru ranar da ake buƙatarta, to mun ƙara musu haɗari ne maimakon mu rage.

Abokin tafiyata Sagir ne, mai aikin lantarki, kuma shi ke tuƙa tsohuwar motar da aka ba mu. Ya girme ni kaɗan, kuma ban taɓa ganin abin da ya ɗaga masa hankali ba. Kafin mu kai Bebeji na sa shi tsayawa har ban san sau nawa ba don in duba igiyar da muka ɗaure kaya. A Bebeji muka tsaya cin waina a bakin hanya. Mai wainar ta tambaya ko za mu kai Doguwa a ranar, na ce wataƙila, idan hanya ta yi kyau, kodayake ba lallai ba ne. Sagir ya ce mata ta yi haƙuri, wai ni ko sunana aka tambaye ni haka nake amsawa. Daga nan ya raɗa mini Malam Wataƙila, sunan ya bi ni har gindin dutse.

A Kiru muka karɓi sandunan ƙarfe da wani mai walda ya yi mana, waɗanda za mu kafa akwatunan a kansu. Ni na nace sai mun gwada kayan a fili kafin mu shiga duwatsu, don haka muka ratse wajen Ba'awa, muka roƙi wani dattijo ya bar mu mu tsaya a gefen gonarsa. Sagir ya ɗauki akwati ɗaya ya yi ta tafiya, ni ina kallon kwamfuta. Yana shiga cikin masara sai muryar akwatin ta ɓace, yana ɗaga shi sama da kansa ta dawo. A nan na gane sandunan ba ado ba ne. Dattijon ya jingina da fartanyarsa yana kallonmu. Ya tambaya ko abin yana kiran ruwa, na ce a'a. Ko yana korar tsuntsu, na ce a'a. Na yi masa bayani cewa labari kawai yake kaiwa daga nan zuwa can.

"Ashe irin wanzaminmu ne," in ji shi, ya koma nomansa.

Daga Kwanar Dangora muka karya zuwa Tudun Wada, a can muka kwana a wani ƙaramin masauki. Na ƙi yarda a bar kaya a mota. Na kwashe su duka zuwa ɗaki, har da sandunan ƙarfe, sai da ya zama babu inda za a shimfiɗa tabarmar sallah. Mai masaukin ya leƙo ya ce a garin nan ko buhun shinkafa aka bari a waje sai dai akuya ta taɓa shi. Na yi masa godiya, amma ban fitar da ko ɗaya ba. Ni ɗan birni ne. A unguwarmu idan ka bar bokiti a ƙofar gida ka shiga ɗauko tsintsiya, ba lallai ka tarar da shi ba. Dalilin da ya sa na sayo kwaɗo da sarƙa ga kowane akwati ke nan tun daga Kano. Tuwon shinkafar da aka kawo mana kuwa, malmala ɗaya ta kai uku na gidan abincin da nake zuwa, kuma matar da ta kawo ta ji haushi da na kasa cinyewa.

Washegari muka iso bakin dajin Falgore, inda ake da shingen masu tsaron hanya. A wurina nan ne iyaka, don daga nan ƙasar ta sauya. Wani matashin jami'i ya buɗe akwati ɗaya, ya ga batir da wayoyi ja da baƙi, ya ja da baya a hankali, ya ce mu ma mu matsa. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ban san kayan ba haka zan yi. Don in nuna masa ba abin tsoro ba ne sai na ɗauko akwatin auna ruwa, na tsiyaya ruwan buta a mazurarinsa. A ciki akwai ɗan cokali da ke tuntsurewa idan ya cika, yana ƙara ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogo. Ban yi tunanin yadda wannan ƙarar za ta sauka a kunnen mai tsaro ba sai da na ga fuskarsa. Allah ya taimake mu babbansu ya fito, mutumin wani gari ne na bakin kogi. Da na ambaci ambaliya ya saurara har ƙarshe, ya ce da za a kai irin wannan garinsu da ya ji daɗi. Ya sallame mu da fatan alheri. Sagir bai daina kwaikwayon ƙas, ƙas ba har muka fita daga dajin, sai da muka tsaya shan fura wurin wasu Fulani mata da ke kiran kossam, wato nono, a bakin hanya, bakinsa ya samu abin yi.

Doguwa akwai sanyi. Ban zaci zan nemi rigar sanyi a cikin jihar Kano da damina ba. Masara ta fi gero yawa, ga dankalin turawa tuli-tuli a bakin titi. Muka kai gaisuwa wurin dagaci, ya haɗa mu da masu babura, don mota ba ta iya ƙarasawa. Na riƙe uwar akwatunan a cinyata duk hanya kamar jariri.

Mai unguwar ƙauyen ya sauke mu a ɗakin da ke gefen zaurensa. Yayarsa, Inna Ladi, ita ta ɗauki nauyin cikinmu. Tsohuwa ce mai ƙarfi, tana sayar da daddawa, kuma duk ranar kasuwa sai ta ƙetare mashigin da ƙwarya a ka. Faten tsaki da rama take yi mana da safe, tana tsaye har sai ta ga ƙasan kwano. Da mai unguwa ya tara mutane na yi bayanin jiniya, ita ta fara magana. Ta ce tun tana amarya take ƙetare ruwan nan, ba ta taɓa neman izinin ƙarfe ba. Mai unguwa ya tambaye ni kai tsaye, za ta yi kuka ranar ruwan dutse ko ba za ta yi ba? Na ce ina kyautata zato. Na ƙara da cewa tana iya yin kuka ba komai, kuma bai kamata a daina duba sama ba. Na ga wasu sun dubi juna.

"To ɗan nan," in ji Inna Ladi, "idan ta yi kuka na tsaya, ruwa bai zo ba, kai za ka ɗauko mini ƙwaryata a ka har gida, 'yan mata suna kallo."

Aka yi dariya, na ce na yarda.

Akwai wata al'ada a garin da ta burge ni tun farkon zuwa. Da zarar hadari ya haɗu, kowa yakan fito ya kwashe duk abin da ya gani a waje, ba tare da tambayar na wane ne ba. Barkonon maƙwabciya, wankin maƙwabci, 'yan tsakin da ba a san uwarsu ba, duk a shigar da su inuwa, a nemi masu su daga baya. Rigata da na shanya na tarar da ita a ninke a kan tabarmata, har yau ban san wanda ya ɗauke ta ba. Barin kayan wani ruwa ya dake su kana gani abin kunya ne a wurinsu. Na yaba abin ƙwarai, har na ba Sagir labarin yadda a gidan hayarmu wanki ke kwana cikin ruwa maƙwabta na kallo ta taga.

Kafa akwatunan ya ci mana 'yan kwanaki. Hawan dutsen ya wahalar da ni, kuma sau da yawa sai mun kafa sanda mu tarar wani ƙaton dutse ya tare tsakanin akwati da maƙwabcinsa, mu tuge mu sake wuri. Wanda ya riƙa raka mu shi ne Baba Inuwa, dattijo mai gona a gefen kwazazzabon. Mai unguwa ya ce shi ne mutumin da ake bar wa makullin gida da awaki idan za a yi doguwar tafiya, don haka shi ya dace ya kula da kayan bayan mun tafi. Da muka gama na damƙa masa makullan kwaɗunan duka. Na ce masa kayan nan daga nesa aka kawo su, samun wasu zai yi wuya. Na ce amana ce, kada komai ya same su. Ina jin na maimaita wannan maganar fiye da yadda ya kamata, don har sai da ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, ko ƙura ba za ta taɓa su ba.

Jiniyar ce kawai ban haɗa ba tukuna, don ina so in ƙara kallon kayan kafin in bar su su tayar da gari. Ranar da abin ya faru mun sauka Doguwa neman sabis na waya, in aika rahoto. Muna hanyar dawowa da la'asar hadari ya taso, ruwan farko mai ƙarfi tun zuwanmu. Muka iso a jiƙe. Ban ko canza riga ba na buɗe kwamfuta, ina ɗokin ganin aikinmu na farko.

Akwatin auna ruwa ya ce ko ɗigo bai sauka ba. Mai jin girgiza shiru. Abin da ya fi rikita ni shi ne kowane akwati yana jin muryar kowane ɗan'uwansa da ƙarfi, har na ƙololuwar dutse yana magana da uwa kai tsaye, abin da ba zai yiwu ba. Na ce wa Sagir wataƙila tsawa ta lalata uwar, ko kuma ni na yi kuskure a saiti. Ga ruwa ana zubawa, ga mutanen da muka ce wa akwai mai tsaron mashigi, kuma babu. Sagir ya leƙa allon, sannan ya ce shi bai san saiti ba, amma idan yara suka riƙa jin juna haka, to a ɗaki ɗaya suke.

Muka ruga gidan Baba Inuwa cikin ruwa. Ya tarbe mu da fara'a, ya kai mu ɗakinsa. Ga su nan jere a kan gadonsa, an goge kowanne tas, an lulluɓe su da sabon bargo. Ƙusar girgiza ya tuge ta ya wanke. Siririyar wayar ya kwance ta ya naɗe kamar zaren saƙa. Da ya ga hadari ya haɗu, shi da maƙwabtansa suka hau dutse da gudu, a shekarunsa, suka buɗe kwaɗunan suka kwaso su kafin ɗigon farko.

"Ko ɗaya bai jiƙe ba," in ji shi. "Duba da kanka."

Na duba. Na yi shirin ɓarawo tun daga Kano, ban yi shirin mutumin kirki ba. Na ce masa sannu da ƙoƙari, na fita na tsaya a zaure ina kallon wajen dutse, ina addu'a. Allah ya taimaka, wannan ruwan a ɗaya gefen tsaunin ya fi sauka. Ƙoramar ta ɗan cika, ta yi ja, ta koma. Ban taɓa jin daɗin ganin ruwa ya ɗauke kamar ranar ba.

Gyaran maganar ya fi hawan dutse wuya. Ba zan iya tsayawa gaban dattijo in ce ya yi kuskure ba, alhali abin da na roƙe shi ya yi. Da safe muka zauna a zauren mai unguwa, da Baba Inuwa da limamin garin. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa kayan suna da ɗan juriya, kuma mai yiwuwa ruwa ba zai cutar da su sosai ba. Sagir ya gaji, ya ɗauki buta ya kwarara wa akwati ɗaya ruwa a gaban kowa. Baba Inuwa ya fizge akwatin yana goge shi da hannun rigarsa, ya ce wa Sagir ba a yi wa kayan mutane haka. Sannan ya juyo gare ni, ransa a ɓace. Ya ce ni na ce kada komai ya same su. Ya ce idan ya bar su a dutse ruwa ya tafi da ɗaya, me zai gaya wa mutanen da suka san shi da riƙon amana?

Liman ne ya raba gardamar. Ya tambaye ni ko akwatin can sama zai iya tsira idan ruwan dutse ya zo. Na ce gaskiya ba lallai ba ne, don a bakin hanyar lakar aka kafa shi da gangan. Liman ya gyaɗa kai, ya dubi Baba Inuwa.

"Inuwa, yaron nan bai iya magana ba ne. Abin da ya ba ka tsaro ba akwati ba ne, mashigi ne. Su waɗannan 'yan aike ne. Idan ka kulle ɗan aike a ɗaki don kada ya jiƙe, wa zai kai saƙon?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, haka nake nufi."

Baba Inuwa ya ajiye akwatin da ke hannunsa. Daga baya ya tashi ya ce mu je, shi ya san inda ya ciro kowanne. Muka mayar da su, na haɗa jiniya a ranar, muka gwada ta gari ya ji muryarta. Da muka sauko ya miƙa wa liman makullan. Ya ce ya san kansa, idan suna aljihunsa ya ga hadari, ƙafarsa za ta kai shi dutse ko bai so ba.

An yi ruwa kaɗan-kaɗan bayan nan, akwatunan suna aiki yadda ya kamata, jiniya ba ta yi kuka ba, kuma babu dalilin da za ta yi. Ni dai ban iya barin kwamfuta ba. Lokacin komawarmu ya matso, na roƙi a ƙara mana kwanaki.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. A cikin gari rana ake yi, amma kan dutse ya yi baƙi ƙirin. Na ga Baba Inuwa zaune a ƙofar zaurensa ya juya wa tsaunin baya, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. A allo cokalin auna ruwa yana ta tuntsurewa ba tsayawa. Can sai layin girgiza, wanda kullum yake kwance, ya tashi yana rawa. Kafin in kira Sagir akwatin ƙololuwa ya aiko da saƙon tsinkewar waya, daga nan ya yi shiru gaba ɗaya. Jiniya ta ɗauka.

Ban san lokacin da na isa mashigi ba, takalmi ɗaya ne a ƙafata. A wancan bakin masu dawowa daga kasuwa sun taru, Inna Ladi a gaba da ƙwaryarta. A namu bakin akwai wani mai babur da buhunan masara. Kowa ya tsaya. Ruwan kuwa yana nan garau, a idon sawu, rana na haskawa a kansa. Aka yi ta jira, ba abin da ya zo. Tunani ya riƙa zuwar mini: wataƙila saniya ce ta tsinke wayar, wataƙila reshe ne ya faɗo, wataƙila lakar ta tsaya a hanya. Inna Ladi ta ɗaga murya daga can tana cewa in shirya gammo. Wasu suka yi dariya. Mai babur ya tayar da injinsa, ya ce shi yana sauri, in gaya masa gaskiya, akwai ruwa ko babu?

Na san duk amsoshin da na saba bayarwa, kuma na san kowace daga cikinsu za ta sa ya shiga. Na riƙe kan babur ɗin da hannu biyu.

"Yana zuwa. Kashe injin."

Na juya na ɗaga wa na wancan bakin hannu, na ce su hau tudu. Sagir ya gaya mini daga baya bai gane muryata ba. Ina ganin ita ce ta sa suka bi, don Inna Ladi ta dube ni, ta daina dariya, ta juya ta kora matan da ke bayanta zuwa sama.

Wari ne ya fara isowa, warin danyar ƙasa da saiwoyi. Sai ƙara, kamar manyan motoci na sauke tsakuwa. Sannan ya ɓullo ta kwanar kwazazzabon, ja, mai kauri, da duwatsu a gabansa suna mirginawa, da wata bishiya sukutum da ganyenta. Inda mai babur zai bi ya shafe kafin in ƙifta ido. Ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Mutane na ta salati ƙasa-ƙasa.

Mai unguwa ya bi bakin ruwa yana kiran sunayen waɗanda ya san sun tafi kasuwa, ana amsawa daga can ɗaya bayan ɗaya, wasu da ɗaga hannu don ƙara ta hana a ji. Da ya gama ya dawo ya ce babu wanda ba a gani ba. A nan na zauna a cikin taɓo. Na wancan bakin a ƙauyen kasuwa suka kwana wurin dangi. Inna Ladi ta dawo da hantsi, laka har gwiwa, ta ajiye ƙwaryarta ta ce wannan karon na tsira, amma damina ba ta ƙare ba. Sannan ta tambaya ko mun ci wani abu.

Ba zan ce abin da muka kafa ya magance matsalar garin ba. Sau ɗaya ya yi aiki a gabana, kuma sau ɗaya ba hujja ba ce. Batir na iya mutuwa, ƙura na iya rufe sola, wata rana jiniya na iya yin kukan banza mutane su daina saurarenta. Duk na faɗa wa mai unguwa haka, na kuma sake roƙon kada a daina duba sama.

Ranar da za mu taso Baba Inuwa ya zo da sassafe. Ya bi ƙoramar har ƙasa yana neman akwatin ƙololuwa, bai samu ko sandarsa ba. Ya tsuguna a ƙofar ɗakinmu, ya tambaya a hankali ko waɗanda suka aiko ni za su ce ya yi sakaci. Na ce masa babu mai cewa haka, akwatin ya isar da saƙonsa kafin ya tafi, kuma mun taho da wani na ajiya a motar da muka bari a Doguwa. Ya numfasa, ya ce to a kawo, shi zai hau da Sagir su kafa shi a inda wancan yake.

"Ba zan taɓa shi ba, na yi alkawari," in ji shi. "Amma ranar hadari kada wanda ya ce in dubi wajen."